Yaya ake samun likitan dabbobi ya riƙa zuwa gona yana duba dawaki?

Mai Akawal, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina da dawaki uku a gonata da ke bakin fadama: ingarma akawal, wato baƙin doki, wanda nake hawan Sallah da shi, sai goɗiya da duƙushinta. Makonni biyu da suka wuce, bayan sallar isha'i, yaron da ke kula da su ya kira ni ya ce akawal ya ƙi dusa. Da na isa na tarar gumi ya jiƙe shi sharkaf, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi. Doki a wannan hali ba ya ɗaukuwa a mota, balle ga hanyar fadama da damina. Na buga waya har na gaji, wanda na samu kawai wani mai sayar da maganin dabbobi ne, ya zo ya yi allura biyu ya tafi, ko sunansu bai faɗa mini ba. Allah ya taimaka dokin ya miƙe bayan kwana uku, amma hankalina bai kwanta ba. Ta wace hanya mutum zai samu likitan gaskiya wanda zai riƙa zuwa har barga, kuma me ya kamata a yi kafin ya iso?

Likitan Karkara, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da ka kwatanta ciwon ciki ne, kuma a doki ba ƙaramin abu ba ne, domin doki ba ya iya amai, duk abin da ya tsaya a cikinsa sai dai ya nemi hanya ta baya. Maganar neman likita kuwa, da rana ake yin ta, tun dabba tana lafiya. Ka je ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku ka nemi a haɗa ka da likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, ka kai shi gonar ya ga dawakin, ya san hanya, ku yi musayar lamba. Wanda ya taɓa zuwa bargarka ya fi saurin amsa kiran tsakar dare, kuma ya san yadda dokin yake da lafiyarsa, saboda haka zai gane idan wani abu ya canza.

Ka sayi ma'aunin zafi ka koya wa yaronka amfani da shi. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius, bugun zuciyarsa kuma 28 zuwa 44 a minti ɗaya, ana jin sa da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, ko ruwan hoda ne mai damshi ko ya yi duhu ya bushe, sannan ka tambayi yaushe ya yi kashi na ƙarshe. Idan ka ba ni waɗannan a waya, kuma na ji bugun ya haura 60, na san ba zancen jiran safiya ba ne. Kafin likita ya iso a kwashe abinci daga gabansa, a riƙa zagayawa da shi a hankali da ragama idan zai iya tafiya, kuma don Allah kada a yi masa ɗurar mai ta baki, domin yakan bi ta maƙogwaro ya sauka a huhu. Mu ta hanci muke zura bututu har tumbi kafin mu zuba komai. Allurar kashe zafi ma idan aka yi ta kafin a duba shi, takan ɓoye alamomin da likita ke nema.

Tambaya ɗaya, Alhaji: an sauya masa abinci, ko an shafa masa wani abu a kwanakin?

Tsohon Ɗan Barga, Gwandu:

Likita, Allah ya saka da alheri, amma ka yi mini uzuri a kan abu ɗaya. Na girma a barga, kuma iyayenmu sun riƙe dawaki da kanwa da harawa mai kyau da kilisa safe da yamma, ba a kiran kowa. Yawancin ciwon cikin da na gani daga hannun masu kiwo yake fitowa: ana gobe hawa sai a cika wa doki gero don ya yi ƙarfi alhali bai saba ba, ko a zuba masa harawa a kan rairayi ya riƙa haɗiye ƙasa tare da ita, ko a bar shi da bokitin ruwa ɗaya a zafin bazara. Wannan ba likita yake buƙata ba, ido yake buƙata. Inda na sallama muku shi ne ciwon ƙarshen damina, wanda doki ke kumbura a saman idanu, numfashi ya sarƙe, kumfa ta fito ta hanci. Wannan kam lalas da tsaga ba su taɓa tsayar da shi a gabana ba. Mu dai abin da muka sani shi ne a ɗauke dawaki daga bakin fadama kafin magariba, a tura musu hayaƙi.

Mai Akawal, Argungu:

Na gode, Baba. Likita, abinci dai ba a sauya ba. Sai da ka tambaya na tuna cewa ana gobe abin zai faru yaron ya wanke shi da ragowar maganin kaska da muke yi wa shanu. Na je na duba robar yanzu, an rubuta amitraz a jikinta.

Likitan Karkara, Birnin Kebbi:

To, Alhaji, da alama ga bakin zaren nan. Amitraz yana yi wa shanu aiki, amma ga doki guba ne, yana tsayar da motsin hanji har kashi ya cushe, kuma ta fata ma yana shiga. Ka raba robar nan da barga yau. Kaskar tana bukatar magani, tunda tana sa wa doki ciwon jini mai zazzaɓi da rawayar ido, sai dai likita ne zai zaɓi wanda ya dace da doki.

Baba, maganarka kan gero da rairayi da ruwa haka take, ba ni da abin ƙarawa, sai dai in ce doki babba yakan sha lita 25 zuwa 50 a yini. Ciwon ƙarshen damina da ka kwatanta kuwa ƙwayar bairas ce, wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro ba suke ɗaukar ta, suna cizo da magariba da asuba, shi ya sa dabarar iyayenku ta hayaƙi da nisantar fadama take da tushe. Ba shi da magani idan ya kama, sai rigakafi tun kafin ruwa ya sauka. A irin wannan ziyara ta kafin damina ake yin allurar tatanas, wato ciwon da ke sandarar da jiki, a ba da maganin tsutsar ciki, a goge haƙoran da suka yi tsini, a duba kofato. Idan akwai shakka a ɗebi jini a aika asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Kuma duk dokin da aka sayo, ko ya dawo daga taron hawa, a ware masa turke na mako biyu, domin murar da ta kashe jakuna a jihar Sakkwato daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 ta hanyar cuɗanya ta yaɗu.

Ɗan Kilisa, Jega:

Abin da ke hana mutane kiran likita shi ne kuɗin man mota, wanda wani lokaci yakan fi na maganin. Mu shida ne masu dawaki a unguwarmu, sai muka tsayar da rana ɗaya muna tara su a barga guda, likita ya zo sau ɗaya, mu raba kuɗin hanya. Alhaji, garinku ba a rasa masu dawaki, ka tuntuɓi Shamaki, mai kula da dawakin sarki, ko masu hawa tare da kai, da wuya a rasa wanda yake da lambar likita a wayarsa.

Mai Akawal, Argungu:

Na ɗauke robar, na kuma matsar da turakun zuwa tudu. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shiga ofishin. Likita, duƙushin watansa biyar, shi ma za a yi masa allurar tatanas ɗin, ko sai an yaye shi?