Mu shida a motar tafi-da-gidanka za mu ƙetara iyaka, ku ba mu shawara

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa irin wannan tafiyar. Mu shida ne, abokai tun na makaranta, mun daɗe muna cewa za mu yi za mu yi, to bana dai mun tsayar da magana, za mu ɗauki hayar motar nan ta tafi-da-gidanka mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, mu taso daga Jamus mu ratsa Faransa da Sifaniya mu hau jirgin ruwa zuwa Maroko mu dawo, sati uku muka ware. Babu wanda ya taɓa tuƙa irinta a cikinmu kuma ni aka ɗora wa harkar takardu, gsky kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam Auta. Ka fara da kamfanin hayar, kafin ka biya ko sisi ka tambaye su ko sun yarda motarsu ta shiga Maroko, kuma su ba ka a rubuce, ba da baki ba. Da yawansu za su ce maka ai ka je duk ƙasar da kake so, amma Turai suke nufi, kana ambaton ƙetare ruwa sai magana ta canja, wasu ma ba sa yarda sam. In sun yarda to takardar izinin ta ɗauki sunan wanda zai shiga da motar da lambarta da kwanakin tafiya, su haɗa maka da takardar rajistar motar ta asali. Sannan ka karɓi koren katin inshora ka duba shi da idonka, akwai haruffan ƙasashe a jere a jikinsa, na Maroko MA ne, in ka ga an soke shi to inshorarku ba ta aiki a can, sai kun sayi ta wucin gadi a tashar jirgin ruwa.

Maman Yara: Ƙanena ni tambayata ɗaya ce, ku shidan nan fasfonku iri ɗaya ne? Kuma wace irin biza kowa yake da ita?

Auta: Hajiya mu huɗu muna da takardar zama, biyu kuma da bizar ziyara za su zo su same mu.

Maman Yara: Yauwa abin da nake tsoro kenan. Ka ce wa mutum biyun nan su buɗe fasfo su duba bizar, shiga ɗaya aka ba su ko shiga da yawa, domin ranar da kuka hau jirgin ruwan nan kun fita daga Shengen kenan, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, mai bizar shiga ɗaya tasa ta ƙare a nan ko da kwanakinta ba su cika ba, in kun dawo ba za a bar shi ya shigo ba, ku biyar ku wuce shi ya tsaya a wancan gefen. Kuma kar su manta da ƙa'idar cewa mai ziyara ba ya wuce kwana 90 a Shengen cikin kowane kwana 180, duk wanda ya yi wata ziyarar kwanan baya sai ya ƙirga da ita. Ita ma Maroko bizarta daban ce, takardar zama ta Turai ba ita ce biza ba, ya danganta da fasfon da mutum yake riƙe da shi, kowa ya bincika nasa da kansa tun yanzu. Ku duba ranar ƙarewar fasfo ma, Shengen tana son ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar da mutum zai fita, amma ni dai in bai kai wata 6 ba bana tafiya da shi.

Injiniya: Duk wannan gaskiya ne amma ni abin da ya fi damuna nauyi ne, kuma shi ne mutane ba sa tunawa. Lasin ƙananan motoci na Turai, wato ajin B, iyakarsa kilo 3,500 ne, mota da duk abin da ke cikinta, daga nan zuwa 7,500 sai mai lasin ajin C1. Shi ya sa yawancin motocin haya ake musu rajista a 3,500 cif. To motar da za ta kwanar da mutum shida babba ce, ita kanta ta cinye mafi yawan nauyin tun kafin kowa ya shiga. Nauyin da suke rubutawa a takarda yawanci sun sa direba ɗaya a kilo 75, to ka lissafa sauran biyar ɗin, ko a 75 ɗin ka bar su 375 kenan, ruwa kowace lita kilo ɗaya ce, tankin lita 100 in ka cika shi kilo 100 ya hau, tukunyar gas da ake ce wa mai kilo 11 gas ɗin ne kawai 11 ƙarfenta daban, ga jakunkunan mutum shida na sati uku. Ka tambaye su kilo nawa ya rage na kaya a motar da za su ba ku, ita takamaimai, sai ka zauna da biro.

Auta: Wlh ban taɓa kawo wannan a raina ba. In muka wuce fa?

Injiniya: In aka ɗora ku a sikeli tara ce, kuma za a iya hana ku tafiya sai kun rage kaya a gefen titi, in kuma hatsari ya faru Allah ya kiyaye inshora na iya fakewa da wannan. Amma ni ba tarar ce ta fi tsorata ni ba, birki ne a gangara da mota mai nauyi fiye da ƙima. Ku riƙa tafiya da ruwa kaɗan a tanki ku cika in kun isa masauki, kuma ranar farko bayan kun loda kowa ya shiga ku nemi sikelin manyan motoci ku hau. Wani abu kuma, yawan gadaje daban yawan kujeru masu bel daban, akwai motar da za ta kwanar da shida amma kujerun tafiya huɗu ne, ku ƙirga bel kar ku ƙirga gado.

Baban Ummi: Ni fa Auta ka yi haƙuri, shawarata ku ɗauki ƙananan guda biyu, uku-uku. Mun yi mu biyar a guda ɗaya kwana goma sha biyu, mutanen da muke ƙaunar juna, amma daga kwana na biyar kowa ya fara shiru, wani yana son a tashi da asuba wani sai rana ta ɗaga, mai gadon ƙasa ba ya iya kwanciya sai an naɗe tebur, tankin banɗaki kuma da mutum biyar kullum sai an zubar. Da mota biyu nauyi ya warware, in ɗaya ta lalace kuna da ta zuwa neman makaniki.

Mai Taswira: Baban Ummi ban ƙi taka ba amma mota biyu komai biyu ne, haya biyu, mai biyu, kuɗin hanya biyu, tikitin jirgin ruwa biyu, takardun kwastam biyu, kuma zaman tare da hira a hanya ai shi ne rabin daɗin tafiyar. Ni na fi ganin su riƙe ɗaya su sa ƙaramin tanti a ciki, duk sansanin da suka sauka mutum biyu su kwana a waje a sha iska.

Baban Ummi: Tantin ma nauyi ne ai, amma na yarda ya fi babu.

Kawu Direba: Ku bar wannan su yanke da kansu, aljihunsu ne. Bari in ba ka abin da ya same mu a wata iyaka don ka san yadda abin yake. Mun iso wajen ƙarfe biyu na dare, na miƙa fasfo biyar ta taga, jami'in ya haska tocila ya ƙirga kai huɗu, ashe ɗayanmu ya hau gadon da ke saman direba ya ja labule yana barci. Nan take fuskar mutumin ta canja, ya ce mu faka gefe kowa ya sauko, aka buɗe kowace durowa, ƙarƙashin kujeru, firji, har akwatin gas, sai ga ƙwayoyin magani a ƙulle cikin farar leda babu kwali babu suna, na ciwon baya ne na ɗaya daga cikinmu ya zazzage su don kar kwalin ya cika masa jaka. Awa uku muna tsaye cikin sanyi kafin ya lalubo hoton takardar likita a wayarsa. Tun daga ranar in mun kusa iyaka da kamar kilomita goma sai in tsaya, kowa ya tashi ya wanke ido ya zauna a kujerarsa ya ɗaura bel, a buɗe labule a kunna fitilar ciki, kowa fasfonsa a hannunsa, direba kaɗai ke magana sai in an tambayi wani. Dama kwanciya a gado mota na tafiya ganganci ne, laifina ne da na bari.

Maman Yara: Allah ya kyauta Kawu. Maganar magani kam a riƙe ta da kyau, kowanne ya zauna a kwalinsa da takardar likita, musamman masu kodin ko tiramol a ciki. Kuma Auta ka tara su ka tambaye su tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa wuce kwanakin bizarsa ko aka taɓa mayar da shi daga wata ƙasa? Ba don tonon asiri ba, gara ku sani a ɗaki da ku ji a bakin jami'i, tunda matsalar mutum ɗaya motar gaba ɗaya take tsayarwa. Yanzu ma tun Oktoban 2025 sun fara ɗaukar hoton yatsu da na fuska na masu zuwa ziyara a iyakokin Shengen, komai yana cikin kwamfuta.

Mai Taswira: Ƙari a kan na Kawu, in kun shiga Maroko kwastam za su ɗaura motar a kan fasfon mutum ɗaya, izinin wucin gadi ne da ke kaiwa wata 6, kuma wanda aka rubuta sunansa shi zai fito da ita. Saboda haka kar ku sa sunan wanda kuka san aiki zai iya kiransa ya hau jirgin sama ya bar ku, ku zaɓi wanda zai kai ƙarshen tafiyar, kuma sunansa ya zo daidai da na takardar izinin kamfani. 'Yar takardar da za su ba ku ku adana ta kamar fasfo. In daga tashar Algeciras ta Sifaniya za ku hau zuwa tashar Tanger Med ta Maroko kamar awa ɗaya da rabi ne a ruwa, a cikin jirgin ake buga hatimin shiga, kuna hawa ku bi layi kar ku tsaya kallon teku sai an kusa isa. Gas a rufe tun kafin ku shiga jirgin. In akwai mai ƙaramin jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto a cikinku ya bar shi a gida, karɓewa suke yi.

Auta: Ngd sosai. Wani ya ce min wai sai mun yi karne, gaskiya ne?

Mai Taswira: A'a, Maroko ba ta neman karne, wato Carnet de Passages, takardar kwastam ta shiga da mota wata ƙasa na wucin gadi. Ƙasashe irin su Masar da Iran da Pakistan da Indiya ne ke nemansa, ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa, shekara ɗaya yake yi kuma sai ka ajiye kuɗin jingina. Ku ba ruwanku da shi a wannan hanyar. Abin da zan ce ku yi shi ne lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa ga duk wanda lasinsa ba na Turai ba ne, iri biyu ne aka fi amfani da su, na yarjejeniyar 1949 da na 1968, ku duba wanda ƙasashen hanyarku ke karɓa, kuma shi fassara ce kawai, ba ya aiki sai da lasin asali a gefensa.

Injiniya: Ku rubuta tsayin motar da faɗinta da tsawonta a takarda ku manna kusa da sitiyari, direban da ya saba da ƙaramar mota mantawa yake akwai ɗaki a saman kansa har sai ya zo ƙarƙashin gada ko rumfar gidan mai. A manyan hanyoyin Faransa ma tsayi ne ke raba kuɗin hanya, in mota ta kai mita 3 ta koma aji na gaba, irin mai gado a saman direban nan kuwa da yawa sun haura. Tukunyar gas ta Jamus kuma ba a musanya ta a Faransa ko Sifaniya, bakinsu ba ɗaya ba ne, ku taso da biyu a cike in nauyi ya bari, duk inda kuka samu lantarki a sansani ku mayar da firji kansa. Ku tabbatar akwai na'urar da ke ƙara in hayaƙin nan marar wari ya taru, mutum shida a rufe da hita a kunne ba abin wasa ba ne, kuma kar wanda ya kunna murhu don ɗumama ɗaki.

Baban Ummi: Sai maganar kuɗi tsakaninku, ku yi ta yanzu tun ana dariya. Kamfani zai riƙe kuɗin ajiya a katin mutum ɗaya, in aka goge madubi ko aka fasa fitila daga nan za a cire, to ku amince tun yau rabawa za a yi shida ko wanda ke tuƙi ne zai biya. Mu rabawa muka yi, don in ka ce direba ne zai biya babu mai yarda ya karɓi sitiyari a cikin gari. Duk wanda zai tuƙa sai sunansa ya shiga takardar haya, wanda ba ya ciki kar ya taɓa ko na minti biyar ne. Ku yi asusu ɗaya na mai da hanya da sansani mutum ɗaya ya riƙe yana rubutawa, amma kar a tara tsabar a jakar mutum ɗaya har ta kai Yuro 10,000, daga nan dole sai an bayyana wa kwastam wajen shiga ko fita Tarayyar Turai.

Maman Yara: Wajen dawowa kuma ku kwashe firji, nama da madara da duk abin da aka yi da su ba a shiga da su Tarayyar Turai daga waje, ku cinye ko ku bayar kafin tashar jirgi. Kuma kar ku karɓi saƙon kowa komai ƙanƙantarsa komai roƙon da aka yi muku.

Kawu Direba: Wannan haka yake. A layin jirgi ma kar ku bar motar ba kowa, ku kulle akwatunan waje, kafin ku shiga direba ya zagaya ya leƙa ƙarƙashi da bayanta.

Auta: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na kira mutum biyun, ɗaya bizarsa shiga ɗaya ce wlh, da ba a faɗa ba da mun tafi a haka, gobe zai fara neman yadda za a gyara. Kamfani na farko sun ce ba sa barin motarsu ta ƙetara ruwa, na biyu sun yarda za su turo a rubuce amma kilo 480 suka ce ya rage na kaya bayan direba. Injiniya ya ka gani?

Injiniya: Cire 375 na mutum biyar, saura 105, a ciki za ka sa jakunkuna shida da ruwa da abinci da tanti, ka tambaye su ma ko gas yana cikin lissafinsu ko a'a. Ba za ta ɗauke ku ba Auta. Ka tambayi abokan naka ko akwai mai C1 a cikinsu, in babu ka nemi farashin ƙananan guda biyu ka kawo mu duba tare.