Sabar wa kare da keji: shawarwarin masu karnuka a Gombe

Da masu ajiye karnuka a Gombe suka tattauna batun keji, bakinsu ya zo ɗaya: kada ya zama wurin hukunci. Karen da ake kullewa don ya yi laifi zai tsani wurin. A fara zuba masa abinci a ciki, ƙofa a buɗe, daga baya a riƙa rufewa na ƴan mintuna. Mai walda ya ƙera wanda kare zai miƙe, ya juya, ya kwanta a sake. Ɗan kwikwiyo ba ya jure riƙe fitsari, kada ya wuce awa 3 zuwa 4 a kulle.

Ni zafin Maris da Afrilu ya fi damuna, domin kejin ƙarfe a rana yana iya kashe kare. A ajiye shi a inuwa, da ruwan sha kullum.