Wa ya taɓa sauya wata ɗabi'a saboda ɗumamar yanayi, kuma ta ɗore?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kullum ana ce mana sai ɗan Adam ya sauya halinsa kafin a shawo kan ɗumamar yanayi. A 2015 ƙasashe kusan 200 suka amince a birnin Paris za su yi ƙoƙari kada zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1.5 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu. Sai ga 2024 ta haura wannan iyaka, ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ra'ayi kowa na da shi, don haka abin da ya faru da ku nake son ji. Me kuka taɓa bari ko kuka sauya, me ya sa ku, kuma yana nan ko an koma gidan jiya?

Mai gyaran firji:
Wa alaikumus salam. Ni a sana'ata na ga sauyi da idona, amma ba wanda ya nemi shawararmu. Lokacin da nake koyon aiki, gas ɗin da muke ɗura wa firji R12 ne. Maigidana yakan yanke bututu tsohon gas ya fita fuuu, mu yara muna dariya muna sa hannu mu ji sanyinsa. Ashe irinsa ne ke cin ozon, rigar da ke tare mana mugun hasken rana. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka riƙa janye shi sannu a hankali har ya yi wuyar samu, R134a ya maye gurbinsa. Shi kuma ba ya taɓa ozon, amma yana riƙe zafi fiye da iskar kabon sau dubu da ɗoriya, shi ya sa aka sake zama a Kigali a 2016 don a rage irinsa. Yanzu yawancin sababbin firjin gida da ke zuwa hannuna R600a ne a ciki. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa samun wanda ya ce min "Malam, sa min mai kare muhalli" ba. Ruwansa ya yi sanyi, shi ke nan buƙatarsa. Daga kamfani aka sauya kayan, mu muka bi.

Ma'aikaciyar ofis:
Ni kullen korona ne ya buɗe min ido. Muna aiki daga gida, mota ta yi ta zama har batirinta ya mutu, ƙura ta rufe gilashi. Titi tsit, jirage a ƙasa, na ce lallai bana duniya ta huta. Da lissafi ya fito, hayaƙin kabon na 2020 kusan kashi 5 cikin 100 kawai ya ragu, 2021 kuma ya dawo kusan yadda yake. To idan an tsare biliyoyin mutane a gida abin da aka samu ke nan, ina ga kashe fitilar ɗaki? Tashoshin wuta masu ƙona kwal da masana'antun siminti da na ƙarfe ba su daina ci ba. Abu ɗaya dai ya zauna mana: tarukan da da sai an yi tafiya, yanzu ta bidiyo ake yi. Shi ma don ofis ya ga yana rage kashe kuɗi ne.

Mai haɗa sola:
Hajiya, kada ki yanke ƙauna tukuna. Daga 2010 zuwa 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, galibi saboda yadda China ke ƙera su da yawa. Da sai na yi ta lallashi, yanzu ni ake nema. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba don yanayi suke zuwa ba, kuɗin wuta ne ya ishe su. Kuma ga abin da ke ba ni mamaki: mutum zai ce fitilu da fanka kawai yake so, in auna masa daidai. Kafin shekara ta zagayo ya kira ni wai batir ba ya kai safiya. In je in tarar an ƙara firji na biyu da na'urar sanyaya ɗaki. Idan wuta ta yi sauƙi, sai a ƙara sha.

Direban babbar mota:
Ku yi haƙuri, ni maganar nan tana ɗan sosa min rai. Na koyi kashe inji idan zan daɗe a tsaye, ina duba iskar tayoyi kafin in tashi, na daina taka totur kamar ana korata. Mai yana raguwa sosai, amma aljihuna nake karewa. Wanda zai hau jirgin sama nasa na kansa ya je taron yanayi, shi ne zai ce in rage? Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, wa'adin ya wuce ba su cika ba. Ko a Faransa, da aka ƙara harajin mai a 2018, masu riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna har gwamnati ta janye. Talaka ko'ina talaka ne.

Tsohon malamin makaranta:
Ɗana direba, ka yi gaskiya, amma bari tsoho ya sa baki. Na yi zamani a ɗakin malamai inda ake busa sigari ana gyaran takardun jarrabawa, ba mai ɗaga kai. Har cikin jirgin sama ana sha. Yau wanda ya kunna a ɗakin taro kallo kaɗai ya ishe shi. Fetur mai dalma ma an daina sayar wa motoci a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Don haka ban yarda cewa hali zanen dutse ne a kowane abu ba. A gidana jikata ce ta hana mu karɓar leda, ta rataye jakar yadi a bakin ƙofa, in na fita ban ɗauka ba sai ta biyo ni da ita. Yanzu hannuna da kansa yake kai wa gare ta. Damuwata lokaci ne. Sigari ta ci shekaru aru-aru kafin a ji kunyarta, alhali iskar kabon da aka auna a Mauna Loa, tashar awon iska da ke Hawaii a Amurka, ta tashi daga wajen kashi 315 cikin miliyan na iska a 1958 zuwa sama da 420 yanzu, kuma wani kaso nata yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama.

Direban babbar mota:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ni ma ba na ƙin sauyi. A Norway kusan 9 cikin 10 na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki ne, don gwamnati ta sauke musu haraji ta kuma baza wuraren caji. A ba ni mota mai batir da za ta ja kayana, da wurin caji a hanyar da nake bi, gobe in ajiye mai dizal. Malam mai sola, farantai nawa za su cika batirin irin wannan mota kafin gari ya waye?

Mai haɗa sola:
Da dare ai ba rana, Yaya. Sai an tara wutar da rana a wani batirin, kuma rufin gidanka ba zai ɗauki farantan ba, sai fili.