Salansar 350Z ɗina ta hana ni sakat, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina nan Damagaram da Nissan 350Z ƙirar 2005 da na ɗauko daga Kwatano, injin V6 mai lita 3.5. Burina kawai ta riƙa gurnani mai kauri, ba ihun da zai tashi mutanen Birni daga barci ba.

Wani mai walda ya yanke tukunyar tsakiya ta salansa, ya haɗa bututu miƙaƙƙe. A tsaye ƙarar ta yi daɗi. Amma da na hau hanyar Mirriya, allurar juyin inji na kai wajen 2,000 zuwa 2,500, sai wani kugi ya cika cikin motar har kaina ya yi ciwo, sai dai in rage giya. Katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ban taɓa shi ba, don na san cire shi na kunna fitilar inji.

Yanzu mai waldan ya ce mu faɗaɗa bututun, ni kuwa tsoro nake abin ya ƙaru. Tsohuwar tukunyar tana nan a ajiye. In mayar da ita in canza ta baya kaɗai? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara, ko da sai na kai ta Kano.