Kakanni da shagwaɓa jikoki: abin da aka fi tsayawa a kai

Salam 'yan uwa, maganar da aka yi kan yadda kakanni ke shagwaɓa jikoki da inda ya kamata a ja layi ta yi tsawo sosai, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda kaka ba uwa ba ce, wasan jika da kaka tun fil azal yana nan, don Hajiya ta ba yaro alawa ko lemon kwalba ko ta bar shi ya kai dare yana kallo ranar hutu ba abin tada jijiyar wuya ba ne.

2. Amma lafiya ba a sassauta mata. Jariri ƙasa da wata 6 nono zalla, ba ruwa ba jiƙo, zuma kuma sai ya cika shekara 1, kuma in likita ya hana yaro wani abinci to an hana ko a gidan wa yake. Ni ma a nan nake, wallahi wannan ba ya cikin shagwaɓa.

3. Wa zai yi magana? Ɗa ya yi wa mahaifiyarsa, 'ya ta yi wa tata, cikin ladabi, ba a gaban yara ba. Suruka kar ta tunkari uwar miji kai tsaye.

Inda aka rabu:
Waya da fashin Islamiyya. Wasu sun ce kwana biyu ba komai, wasu sun ce yaro ya dawo gida sai an sha fama kafin ya saitu.
Kai yaro yaye wajen kaka ma haka, wasu na so, wasu sun ce a yaye shi a gida.