Guppy ɗina ta haihu amma 'ya'yan suna ɓacewa

Sabon_Shiga: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Na zuba guppy, ƙananan kifayen ado ɗin nan, a akwatin gilashi, ɗaya ta haihu na ga 'yan mitsi-mitsi da yawa amma da gari ya waye guda uku kawai na gani. Ruwan ne ko me?

MaiKifi: Wa alaikumussalam. Malam ruwanka lafiya lau, manyan ne suke cinye su wallahi har uwar ma, guppy ba ƙwai take sakawa ba haihuwa take yi kuma duk abin da ya shige bakinsu abinci ne. Da ka ga cikin macen ya yi ƙato, baƙin tabon nan na kusa da wutsiya ya ƙara duhu, to ware ta a wani mazubi, tana gamawa ka mayar da ita. Kusan duk wata suke haihuwa ai, sai ka gaji.

Hajjaju: Ka kuma zuba ganyen ruwa sosai 'ya'yan su samu wurin ɓuya. Abincinsu ka murƙushe na manyan ya zama gari, ko gwaiduwar dafaffen ƙwai amma ɗan mitsitsi don tana ɓata ruwa. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe saboda kulorin, duk sati ka canja kwata, kar ka zubar duka.

Sabon_Shiga: Na gode ƙwarai. To hunturu fa?

MaiKifi: Sun fi son digiri 24 zuwa 28, nemi 'yar hita, in NEPA ta ɗauke ka lulluɓe akwatin da bargo da daddare.