"Ba a sake wa tuwo suna": shin ta hau kan finafinan komik?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum. Jiya da daddare a shagon mai tura finafinai, nan kusa da tashar Kawo, musu ya kaure tsakanina da ƙanena. Ya ce a littafin komik (labari cikin zane) na 1991 Thanos, mugun labarin, ya hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace yana sonta. A fim ɗin Avengers: Infinity War na 2018 kuwa sai aka mai da shi mai kukan jama'a sun yi yawa, abinci ya yi kaɗan. Wai wannan cin amanar masu karatu ne, ya rufe da "ba a sake wa tuwo suna". Ni dai na ga kamar ba nan ne mazauninta ba. Manya, a warware mana.

Baba na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban san Thanos ba, amma na san karin maganar. Yadda muka ji ta a bakin iyaye, ana faɗinta ne idan an zo ana yi wa abu sananne kwaskwarima da sabon suna. Mutum ya miƙa toshiyar baki ya ce "goro ne", sai a ce masa ba a sake wa tuwo suna. Ba ta hana a sauya hatsi ba. A gidana ana tuƙa na masara, ana tuƙa na dawa, ran Juma'a na shinkafa, kuma ban taɓa jin yaro ya ce an ci amanarsa ba.

Ƙanin Ɗan Kawo: Baba, Allah ya ƙara girma, ni ne mai laifin. Amma in ka aika a sayo maka tuwon shinkafa aka kawo na dawa, ai za ka yi magana. Mu muka raini labaran nan tun ana sayen tsofaffin littattafan a bakin titi, wasu ma bango ya cire. Ba don mu ba, wa zai san su har a zuba musu kuɗi?

Maman 'Yan Biyu, Barnawa: Ƙanena, tsaya in ba ka misalin da ya fi naka ƙarfi, sannan in karɓe shi. A 2009 an saka Deadpool, wani jarumin komik, a fim ɗin wani jarumin, Wolverine. Mutumin da duk duniya ta san shi da surutu, sai aka ɗinke masa baki. Suna yana nan daram, amma da ka kai loma ka san ba tuwo ba ne. Masu karatu suka yi ca, kuma da gaskiyarsu. A 2016 Ryan Reynolds, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa a 2009 ɗin dai, ya dawo da shi da bakinsa, aka cika sinima. To ka ga riƙe suna bai tsinana komai ba.
Yanzu juya ta ɗaya gefen. M'Baku na Black Panther, a littafi laƙabinsa na nufin mutum-biri, har da rigar fatar goggon biri yake yawo. Masu fim ɗin Black Panther na 2018 suka ajiye laƙabin, don kowa ya san abin da ake nufi in an kira baƙar fata biri. Nan kam an sake wa tuwo suna da gangan. Kai da kake ɗan Afirka, so kake a bar shi don a faranta wa mai littafi?

Ƙanin Ɗan Kawo: Anti, wannan kam ban da ta cewa. Amma guda ɗaya ce.

Injiniya na Kakuri: Ba guda ɗaya ba ce. Wolverine a littafi gajere ne, ƙafa biyar da inci uku. Hugh Jackman, wanda ya fito a matsayinsa a fim, ya haura ƙafa shida. A 2000 aka sa masa baƙar rigar fata maimakon rawayar da aka san shi da ita, aka yi ta gunaguni. Sai 2024 ya sa rawayar, shekara 24 ke nan, kuma a lokacin masu gunagunin ne ke cewa ba wanda ya isa ya gaje shi. Ni karin maganar da na ga ta dace ita ce "sabo turken wawa". Ba zagi ba ne, ni ma ina cikin turken.

Baba na Tudun Wada: Injiniya, a yi hattara da wannan. Ana faɗinta ga wanda ya kasa rabuwa da abin da ke cutarsa. Wanda ya ce a ba shi abin da ya biya kuɗinsa ba wawa ba ne.

Malama daga Rigasa: Ni abin da ke ɗaure mini kai, wane ne "mai karatu" ɗin? Labaran nan marubuta da yawa sun bi ta kansu, kowa ya tuƙa nasa. Black Panther tun 1966 yake, daga hannun Stan Lee da Jack Kirby. Wanda ya karanta na da da wanda ya karanta na bayan 2000 ba abu ɗaya suke kira asali ba. Sannan a gidan kallon layinmu yara sun fi talatin a kan benci, ba na jin ko ɗaya ya taɓa riƙe littafin. Su ma ai naira suka biya a ƙofa.

Ɗan Kawo: Malama, amma ihun masoya na aiki fa. Justice League na 2017 bai yi musu ba, suka dage har aka saki na daraktansa na asali, Zack Snyder, a 2021, awa huɗu cur.

Malama daga Rigasa: Na kalle shi, a zama uku, saboda wuta. Ya fi na farko, ban musa ba. Sai dai ka lura, ba littafi suka nema a bi ba, darakta suka nema a bar shi ya yi yadda yake so. Su da kansu suka tsaya wa mai tuƙi.

Ƙanin Ɗan Kawo: To shi Thanos fa? Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.

Maman 'Yan Biyu, Barnawa: Ya tara duwatsun nan shida masu ba shi iko? Ya tara. Ya kaɗa yatsa rabin duniya ta tafi? Ta tafi. Miya aka sauya maka, kai kuma kuka ka saba da ita.

Baba na Tudun Wada: Ɗan Kawo, in za ka shigo gari gobe ka biyo da fim ɗin nan a waya, in ga mutumin da ke neman auren mutuwa.

Ɗan Kawo: Baba, wannan ɗin ai shi ne ba ya cikin fim ɗin.